Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba: Mu Gwada da 360,360

Yaran da nake koya wa lissafi da yamma a Fagge, da zarar sun ga doguwar lamba sai hannu ya nufi waya. Nakan ce a ajiye ta tukuna, a ɗauko biro. Waya za ta ba ka amsa, amma ba za ta faɗa maka me lambar ta ƙunsa ba.

Fara daga wutsiya. 360,360 ta ƙare da sifili, ke nan shafa'i ce ba wutiri ba, kuma 5 na raba ta. Dubi ukun ƙarshe, 360: 8 na shiga sau 45 cif, to 8 na raba lambar duka. Idan ka raba za ka sami 45,045, wadda ba ta rabuwa biyu, don haka 2 sau uku kawai take ciki. Sai ka tara 3+6+0+3+6+0, ka sami 18. Tunda 9 na raba 18, tana raba uwar lambar ma.

Inda ake shan wuya shi ne 7 da 11 da 13, alhali dabara ɗaya ce ke kama su gaba ɗaya, domin 7×11×13 shi ne 1,001. Yanka lambarka mai gida shida biyu, uku nan uku can, ka ɗebe ƙaramin daga babban. Duk wadda ta raba ragowar cikin ukun nan, ta raba lambar. A nan 360 ban da 360 ba komai, ke nan dukkansu sun shiga. Rubuta kowace lamba mai gida uku sau biyu a jere, kamar 725,725, haka za ka gani.

Yanzu ta fito fili: 2×2×2×3×3×5×7×11×13. Waɗannan ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kuma duk sauran bayani daga jikinsu yake fitowa.

Lambobi nawa ne ke raba ta ba saura? Ƙirga sau nawa kowace ta zo, ka ƙara ɗaya, ka ninka: 4×3×2×2×2×2, wato 192. Murabba'i ce, wato lambar da ake samu in an ninka wata lamba da kanta? A'a, tunda 5 ta zo ita kaɗai ba abokiya. Tana tsakanin 600×600 da 601×601.

Akwai wani tsohon rabe-rabe tun zamanin Girkawa. Ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6, 28, 496 da 8,128. In ta gaza, ragaggiya ce. Tamu kuwa jimlarta 1,212,120, ta ninka ta fiye da sau uku, mai yalwa ce ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni, ita ce mafi ƙanƙantar lambar da 1 zuwa 15 duk ke rabawa. Malaman rabon gado za su so ta: naira 360,360 na ba da rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni ba tare da an taɓa kwabo ba, kuma asalin 24, ɗaya daga cikin lambobin da ake gina rabon gado a kansu, na shiga sau 15,015. Sai dai in mas'ala ta yi auli, wato jimlar kason magada ta haura asali har aka ɗaga shi, daga 24 zuwa 27, ko daga 12 zuwa 17, nan kam sai an fasa naira, don 3 sau biyu kawai take ciki, 17 kuwa babu ita sam.