Yadda ake gano Trojan a kwamfuta a kuma fitar da shi

Trojan, wato muguwar manhajar da ke ɓad da kama ta shiga kwamfuta, ba ya fasa ƙofa, mai kwamfuta ne ke buɗe masa da hannunsa. Yakan zo a matsayin abin da kake nema: Microsoft Office ko CorelDRAW da aka fasa ana rabawa kyauta, 'yar manhajar da ake cewa tana kunna Windows ba tare da biyan kuɗi ba, ko wani fayil a imel mai suna rasit.pdf.exe. Kana dannawa ya samu wurin zama. Ɓarnar da zai yi ta danganta da wanda ya turo shi. Wani Trojan mai suna Zeus, wanda ya ɓulla a 2007, bayanan shiga banki yake kwashewa. Emotet kuwa, wanda jami'an tsaron Turai da Amurka suka wargaza cibiyarsa a Janairun 2021, share hanya yake yi wa wasu miyagun manhajojin su biyo baya.

Nauyin kwamfuta kaɗai ba hujja ba ne, tsufa ma na kawo shi. Alamomin da suka fi ƙarfi su ne fanka ta riƙa ƙugi alhali ba ka aikin komai, data ta riƙa ƙarewa ba gaira ba dalili, wata baƙar taga ta ƙyalla ta ɓace duk lokacin da ka kunna, ko Windows Security, wato sashen tsaro na Windows, ya mutu ba kai ka kashe shi ba. Idan abokai suka fara cewa ana turo musu saƙo da sunanka a Facebook, to daina jira.

Fara da yanke intanet. Kashe Wi-Fi, zare kebul ɗin intanet, rufe hotspot. Muddin kwamfutar na haɗe, mai Trojan na iya ci gaba da kwasa, yana kuma iya turo maka wani sabo.

Sai ka ɗauki wayarka, ba kwamfutar ba, ka canza kalmomin sirrinka. Mutane da yawa sukan bar wannan sai ƙarshe, ni a ganina nan ne asarar take, domin goge Trojan ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Imel za ka fara canzawa, tunda ta nan ake sake saita sauran asusun, sannan banki, sannan shafukan sada zumunta. A kowanne ka nemi wurin da ake fitar da duk na'urorin da ke ciki ka danna, saboda wasu Trojan ɗin na satar shaidar shiga da burauza ta adana, su shiga asusunka ko babu kalmar sirri. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In ka taɓa rubuta lambar katinka a kwamfutar, kira bankinka a toshe katin yau ɗin nan.

Kwashe takardu da hotunanka zuwa filas da babu komai a ciki. Kada ka haɗa da wani abu mai ƙarewa da .exe, .bat, .vbs ko .scr.

Yanzu bincike. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki, zai buɗe. Duba abin da ke cin CPU da yawa alhali ba ka san shi ba, danna masa maɓallin dama na linzami ka zaɓi Open file location. Inda fayil yake zaune ya fi sunansa faɗar gaskiya. Misali svchost.exe na ainihi a C:\Windows\System32 yake. In ka same shi a AppData ko Temp, na bogi ne. Kada dai ka hau goge duk abin da ba ka gane ba, za ka iya lalata Windows ɗin kansa. Rubuta suna da wurin, ka ajiye.

Akwai lungun da ake yawan mantawa. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, ka gangara zuwa Exclusions. Nan ake lissafa wuraren da aka hana Defender, wato anti-bairos ɗin da ke zuwa da Windows, dubawa. Masu raba manhajar da aka fasa sukan ce ka kashe anti-bairos ko ka sa foldarsu a nan kafin ka girka, wasu Trojan ɗin kuma da kansu suke sa sunansu. Har akwai masu sa C: gaba ɗaya, ka yi ta bincike ana ce maka lafiya lau. Cire duk abin da ba kai ka sa shi da sani ba.

Haɗa intanet na 'yan mintuna ka sabunta Defender, ka sake yankewa. Ƙarƙashin Scan options zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi binciken kafin Windows ya buɗe, lokacin da Trojan bai samu damar ɓuya ba. Yana ɗaukar kamar minti 15, don haka a tabbatar akwai caji. Idan ta dawo, duba Protection history ka ga abin da aka kama, sannan ka yi Full scan. Ƙara da ido na biyu, Malwarebytes na kyauta ko Microsoft Safety Scanner, wanda ke daina aiki kwana 10 bayan saukewa. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke, domin akwai anti-bairos na bogi da su kansu Trojan ne.

In wani fayil ya ƙi goguwa, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4. Wannan shi ne Safe Mode, inda yawancin manhajoji ba sa tashi. Goge shi a nan. Cire manhajar da ta kawo shi tun farko, ko da kana jin daɗinta, sannan ka leƙa Startup apps, Task Scheduler da ƙare-ƙaren da aka liƙa wa burauza, ko ya bar wani abu a can.

Kada ka manta da filas, musamman wadda ke yawo shagunan buga takardu. Idan foldojinka sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka danna ko ɗaya. Bincike ta da Defender, sannan a Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana musanya E da harafin filas ɗinka. Fayilolinka da aka ɓoye za su fito, sai ka goge masu kibiyar.

Idan bayan duk wannan Trojan ya dawo, ko kwamfutar ta kasuwanci ce da kuɗin mutane ke bi ta cikinta, shawarata a yi mata fomat. A sauke Windows daga shafin Microsoft a kan wata kwamfuta mai lafiya, a girka sabo. In mai gyara za ka kai wa, faɗa masa ƙarara cewa ba ka son manhajar da aka fasa. Ka kuma duba wane Windows za a sa maka: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka in na'urarka za ta ɗauki Windows 11, shi za ka ce a girka.