Kurakuran masu hawa duwatsun Mpape da kayan gwanjo

Tun daga 2020 da hotunan tsohon wurin fasa dutse na Mpape da ke Abuja suka cika intanet, kowane ƙarshen mako sai ka ga sababbin fuskoki, da jakar goyo da takalman gwanjo, suna maimaita abin da na gabansu suka yi suka sha wuya. Ni ma kayana kusan duk na gwanjo ne daga kasuwar Karmo, kuma ba na raina su. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mutum ya saya jiya da yamma, yau da asuba ya ɗauko shi zuwa kan dutse.

Takalmi shi ne babba. Irin manyan takalman nan na sojoji da na masu hawa dutse da ake fasa dilarsu, da yawa sun yi shekaru a ajiye kafin su iso mu. Fatar sama tana sheƙi, igiyar ma ba a taɓa ɗaura ta ba, amma soson da ke tsakanin fata da tafin takalmin ya riga ya mutu, domin irin wannan soso ajiya da laima ke kashe shi, ba tafiya ba. Wani ɗan gwanjo ya taɓa rantse mini cewa sabo ne fil, kuma a ido haka yake. Muna tsakiyar hawa tafin na dama ya buɗe baki, soson ya riƙa zubowa kamar garin rogo, kafin mu kai sama na hagu ma ya bi. Da igiyar takalmin na ɗaure abin da ya rage na sauko a kan tsakuwa mai kaifi da zafi, ƙafata ta yi bororo ta fashe, na daɗe ban iya sa sawu-ciki ba. Saboda haka tun a gaban mai kaya nake lanƙwasa takalmi da ƙarfi, in danna farce a gefen soson. In ya farfashe ko ya yi danƙo, ko kyauta ne ba na so. Wanda ya tsallake wannan sai in kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki, don gam kaɗai ba ya riƙewa a zafin Abuja, sannan in yi ta zuwa kasuwa da masallaci da shi kafin ya ga dutse.

Kayan soja masu dabbare-dabbare kuwa, don Allah a bar su a dila. Doka ta hana farar hula sanya su a Najeriya, kuma sojan da ya tare ka a hanya ba zai saurari cewa a gwanjo ka saya ba. Wando, hula, har jakar goyo, a nemi mai launi ɗaya.

Sai ruwan da ya taru a wurin fasa dutsen, kuma a nan ne nake faɗa da mutane. Wurin nan ba tafki ba ne, rami ne da aka fara haƙa tun 1977 ana kwasar dutsen gina Abuja, da aka daina aiki ruwa ya cike shi. Bakinsa ba ya gangarowa a hankali irin na rafi, taku ɗaya kana tsaye, na biyu babu ƙasa. Saman ruwan da ɗumi, can ƙasa sanyi ne mai ɗaure gaɓoɓi, bangon kuma ga santsi, babu inda za ka kama ka fito. Amma sai ka ga saurayi ya gama haɗa gumi ya tuɓe riga, wai shi ɗan bakin kogi ne. Malam, kogin garinku ka san shi, wannan ba ka san abin da ke kwance a cikinsa ba! Haka masu matsawa har leɓen dutsen sama don ɗaukar hoto. Dutsen da aka yi shekaru ana fasawa da nakiya cike yake da tsaga, yankin ma ya yi girgizar ƙasa a watan Satumbar 2018. Duk wanda zai bi ni, tun a mota nake gaya masa: ba wanka, ba tsayawa a leɓe, in bai yarda ba ya nemi wasu abokan tafiya.

Sauran ƙanana ne. Jibgegiyar rigar sanyin da aka ɗinka don ƙanƙarar Turai ba ta da aiki a nan, ko da hunturu. Riga mai dogon hannu marar nauyi da malafa sun isa. Tsohuwar gorar ruwa a cika ta a kwantar a kwana, a ga ko tana yoyo. Ledar ruwa biyu ba guzuri ba ne, ni ba na fita da ƙasa da lita 3. A fara hawa bayan sallar asuba, a sauko kafin azahar. Da damina in hadari ya haɗo a bar saman dutse nan take saboda tsawa. Kada a cusa hannu a ƙarƙashin dutse ko cikin ciyawa, maciji na nan. Kuma robar lemo da ledar da ka hau da su, ka sauko da abinka, mutanen unguwar ba masu yi maka shara ba ne.