Yadda zaka bar hanya ka tsallaka mashigun duwatsun Sierra Nevada da jaka a baya

Bari in fara da abinda ya fi ɗaure min kai ranar da na fara zuwa. Wurin da ake ajiye mota a South Lake, can duwatsun Sierra Nevada na gabashin Kalifoniya a Amurka, tsayinsa ya kusa mita 3,000 daga saman teku, alhali Chappal Waddi wanda shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya mita 2,419 ne. Wato tun baka ɗauki jaka ba ka riga ka wuce ƙololuwar ƙasarmu gaba ɗaya. Garin Bishop da ke ƙasan duwatsun kuwa kusan tsayinsu ɗaya da Jos, toh daga nan mota zata haura da kai cikin ƙasa da awa ɗaya, jikinka bai ma san abinda ake ciki ba.

Tafiyar da zan yi bayani wani yanki ne na doguwar hanyar da ake kira Sierra High Route, wadda wani mahayin duwatsu Steve Roper ya tsara ya fitar a 1982, tsawonta kusan kilomita 314, kuma kusan rabinta babu hanyar ƙafa ko ɗaya, kai ne zaka dubi ƙasa ka zaɓi inda zaka taka. Ba sai kayi dukkanta ba. Akwai zagaye na kwana 4 zuwa 5 da ya ishi mai koyo: daga South Lake ka haura mashigar Bishop Pass, wato gurbin da ake tsallakawa tsakanin ƙololuwa biyu, ka sauka kwarin tabkuna na Dusy, a nan zaka bar hanya ka tsallaka mashigu uku, Knapsack da Potluck da Cirque, ka sauka tabkunan Palisade inda zaka haɗu da sharariyar hanyar ƙafa ta John Muir, ka biyo ta ƙasa zuwa kwazazzabon LeConte sannan ka sake haurowa Dusy ka koma motarka. Amma don Allah idan baka taɓa kwana a daji da jaka a kan hanyar da aka share ba, kar ka fara da wannan, kaje kayi biyu ko uku tukunna.

Lokaci da takarda. Tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba shi ne daidai, don a Yuli dusar ƙanƙara bata gama narkewa a mashigun ba musamman shekarar da ta zuba da yawa, ga sauro kaman hayaƙi a bakin tabkuna. Takardar izinin kwana kuma dole ce, hukumar gandun dajin Inyo ke bayarwa ta shafin recreation.gov, akwai adadin mutanen da ake bari su shiga kullum, ana fara sakin gurabe wata 6 kafin ranar shiga kuma na Bishop Pass da wuri suke ƙarewa.

Yanzu maganar jiki, wadda ita ce nake so kowa ya tsaya a kai. Daga mita 2,500 zuwa sama iska tana yin sauƙi, numfashi ɗaya baya kawo abinda ya saba kawowa, sai kaji ciwon kai, abinci ya fita ranka, zuciya na tashi, barci ya ƙi zuwa. Ba ruwan wannan da ƙarfi, ɗan ƙwallo ma yana kama shi. Maganinsa haƙuri: ka kwana biyu a sansanonin da ke hanyar South Lake kafin ka shiga, kuma idan ka wuce mita 3,000 kayi ƙoƙari wurin kwananka na yau kar ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Idan ciwon kan yana ƙaruwa baka ƙara hawa. Idan kuma kaga abokin tafiyarka yana tangaɗi kaman wanda ya sha wani abu, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake yana tari mai kumfa, toh sauka za ku yi a take ko da dare ne, wannan ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma yana kisa. Akwai magani Diamox na rigakafin ciwon tsayi da likita ke rubutawa. Sannan wata magana da ta shafe mu fiye da yawancin waɗanda zaka haɗu da su a can: idan jininka AS ne ka faɗa wa likita kafin ka tafi, don masu ɗauke da ƙwayar sikila sukan samu matsalar saifa a irin wannan tsayin, alamarta ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Mai SS kuwa wannan tafiyar sam ba tashi bace.

Kaya. Duk abinda ka ɗauka sai ka haura da shi kan duwatsu da hannu da ƙafa, don haka jaka ta wuce kilo 14 ko 15 ka fara cutar kanka. Tanti mara nauyi, buhun barci mai jure sanyin da ruwa ke daskarewa don ko a Agusta kana iya tashi ka tarar da raɓa ta zama ƙanƙara a kan tanti, katifar shimfiɗa, rigar sanyi mai kumburi, rigar ruwa, hular sanyi da safar hannu, tabarau da man rana. Kar kace ai ni baƙi ne rana bata ƙona ni, leɓena sai da ya tsattsage kaman lokacin hunturu a Kano. Ka guji kayan auduga, in suka jiƙe basa bushewa kuma sanyi suke jawowa. Takalmi mai kama dutse wanda ka riga ka saba da shi, sanduna biyu, tocila ta goshi, matatar ruwa. Abinci dole ya shiga robar nan mai tauri da beyar, dabbar dajin can, baya iya buɗewa, doka ce a wannan yankin, kuma da dare ka ajiye ta nesa da tanti haɗe da man goge baki da duk wani abu mai ƙamshi. Ba a hura wuta a can sama, sai ƙaramin risho na gas. Ni abinda ke riƙe ni shi ne garin kwaki da madarar gari da suga, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kuskus, sai shayi. In zaka sayi busasshen abincinsu na leda ka karanta jikinsa da kyau, da yawa akwai naman alade.

Toh ga asalin aikin, wato karatun ƙasa. Ka buga taswira a takarda ka sa a leda, ka riƙe kamfas, sannan ka sauke taswirar a waya ta manhajar CalTopo ko Gaia GPS don babu sabis ko kaɗan. Waya ta gaya maka inda kake, amma ba zata gaya maka inda zaka sa ƙafa ba, kuma layin da wani ya zana a intanet ba wahayi bane. A taswirar, layukan tsayi in sun matsu da juna wurin a tsaye yake, in sun buɗe ƙasa ta kwanta, sai dai a yawancin taswirorin yankin tazarar layi da layi ƙafa 40 ne, kusan mita 12, ma'ana katangar dutse mai tsayin gida hawa biyu tana iya ɓuya tsakanin layi biyu baka gan ta ba. Kamfas kuma a can yana karkata gabas da wajen digiri 12 daga ainihin arewa, ka gyara wannan tun a gida.

Da safe kafin ka ɗaga daga Dusy, ka samu dutse ka zauna da shayinka ka kalli mashigar Knapsack daga nesa, tana nan gefen dutsen Columbine. Daga nesa ake ganin tsarin dutse, in ka shiga cikinsa abinda ke gaban hancinka kawai kake gani. Ka raba hawan gida uku ko huɗu a ranka: daga nan zuwa waccan koriyar ciyawar, daga can zuwa farin falalen, daga shi zuwa baƙin tabon da ke ƙarƙashin mashigar. Ƙasa iri huɗu zaka taka. Falalen dutse shi ne titin kwalta, in ya bushe ka bi shi duk inda ya nufa, amma in kaga baƙin layi na ruwa a kansa kar ka taka, santsi ne. Ciyawa da ƴan matakalai tsakanin duwatsu su ma alheri ne. Tsakuwa mai zamewa tana gajiyarwa wajen hawa, taku biyu gaba ɗaya baya. Sai tarin manyan duwatsu da suka ɓarɓaro daga sama, wasu kaman buhun masara wasu kaman firji wasu kaman mota, a nan ake karya ƙafa. Ka naɗe sandunanka ka sa a jaka hannunka ya zama a sake, ka taka saman dutse ta tsakiya, ka zaɓi manya don ƙananan ne ke juyawa, idonka na kan taku uku na gaba, kuma kar ka taɓa tura ƙafa cikin rami tsakanin duwatsu biyu. Kar mutum ya tsaya saitin ƙasan ɗan'uwansa, ko ku jeru gefe da gefe ko ku matso dab da juna, in dutse ya kufce ayi ihu da ƙarfi.

A irin wannan wuri kilomita 1 zuwa 1 da rabi a awa ba abin kunya bane. Wanda ya saba cinye kilomita 25 a rana a kan hanya, nan 8 ko 10 ta ishe shi, ka tsara kwanakinka a kan haka. Bayan Knapsack zaka faɗa kwarin Palisade inda tabkunan Barrett suke, ruwa garau har kana ƙirga duwatsun ƙasa, dutsen North Palisade mai mita 4,300 da ɗoriya na tsaye a kanka, shiru sai ƙarar ruwa a ƙarƙashin duwatsu. Ka kwana a nan.

Potluck ita ce ta koya min darasi. Ta ɓangaren da zaka hau da sauƙi, falale ne, amma ɗaya gefen katanga ce. Na ga ƴan duwatsu da wani ya ɗora kan juna alamar hanya, na bi su kai tsaye na gangara, ban ankara ba sai gani a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin darduma ba, ƙasa ta yanke a gabana, ina hango tabkin a can ƙasa ƙafata na rawa. Abokina ya kira ni yace Malam dawo, ba nan bane. Na haura na koma inda na fito, wajen minti 40 suka tafi, muka zauna muka sake duba taswira, sai muka bi matakalan da suka karkata dama har suka kai mu gangaren yashi muka sauka lafiya. Tun ranar na riƙe abu biyu: bana sauka inda nasan ba zan iya hawowa ba, kuma jerin duwatsu ra'ayin wani ne kawai, watakila shi ma ɓata yayi. In wuri ya kai sai ka rataya da hannu biyu ko kana tunanin jefa jakarka ƙasa, toh ka kauce, akwai wata hanyar da ta fi sauƙi. Haka Cirque take, wajen sauka zuwa tabkunan Palisade akwai katangu, a hankali ake zagaye su ana leƙawa kafin a taka.

Ka tsallake mashiga kafin azahar. Da rani hadari yakan haɗu da rana tsaka, safiya garau, ƙarfe 11 kaga ɗan farin gajimare, ƙarfe 2 ya zama baƙi da tsawa da ƙanƙara. In kaga walƙiya ka ƙirga har kaji tsawa, duk sakan 3 kilomita 1 ne tsakaninka da ita, in bai kai sakan 30 ba ka bar tudu ka sauka ƙasa, ka nisanci bakin tabki da itacen da ke tsaye shi kaɗai. In kuma ka tarar da dusar ƙanƙara mai tauri a gangare mai tsayi baka da gatarin ƙanƙara ko baka iya aiki da shi ba, ka jira rana ta tausasa ta ko ka juya, dutsen yana nan baɗi.

Wurin kwana ka nemi yashi ko falale, kar ka kafa tanti kan ciyawa don wata biyu zuwa uku kacal take samu ta tsiro a shekara, kuma ka bar aƙalla mita 30 tsakaninka da ruwa. Bayan gida ka haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 nesa da ruwa sosai, ka rufe, takarda kuma a leda ake fitowa da ita. Mu masu tsarki da ruwa sai mu ɗebo a gora mu tafi can, haka alwala, kar ayi a bakin tabki, sabulu kuwa ko kusa. Ruwan alwalar asuba ka ɗan ɗumama shi a risho ko ka kwana da gorar cikin buhun barci. Alƙibla daga can arewa ce ta ɗan karkata gabas, wajen digiri 20, kamfas ɗinka zai nuna maka, ga kuma sauƙin ƙasaru da aka yi wa matafiyi.

Kar ka tafi kai kaɗai a karon farko, ku biyu ko uku ya fi. Ka bar wa wani a gida takarda mai ɗauke da sunan kowace mashiga, inda za ku kwana kowane dare, lambar mota, da ranar da in bai ji ku ba zai kira jami'an gandun daji. In da hali ku ɗauki na'urar nan ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach mai maɓallin neman agaji. Kuma ka ajiye abincin da kafi so don ranar ƙarshe, saboda daga kwazazzabon LeConte zuwa saman Bishop Pass hawan kusan mita 1,000 ne, ka fara shi da sanyin asuba da gorarka cike.