Saƙon da ya iso sau biyu: kurakuran masu gina rumbun bayanai a Damagaram

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a gina tsari kamar reso ba ya yankewa. Wakili a Magarya ya tura bayanin ciniki, uwar garke (babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan) a Zinder ta karɓa, sai amsar karɓar ta ɓace a hanya. Wayar ta sake turawa, buhun gero ɗaya ya zama biyu a lissafi. Ko Kafka, manhajar da ke isar da saƙonni tsakanin na'urori, ka ɗora, abin da aka saba samu shi ne saƙo ya iso aƙalla sau ɗaya, ba sau ɗaya tak ba. Maganin a wayar yake farawa: kowane ciniki ya samu lambar UUID (lambar shaida tasa shi kaɗai) tun kafin a tura shi, a sa wa gurbinta UNIQUE a teburi, wato ƙa'idar hana maimaici. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, umurnin ON CONFLICT DO NOTHING zai watsar da maimaicin.

Ƙanin wannan kuskure shi ne rubuta lokacin isowar saƙo a matsayin lokacin ciniki. Abin da aka sayar ranar Laraba a ƙauye, waya ba ta samu reso ba sai Juma'a, rahoton kwana biyu ya lalace ke nan. Ajiye lokutan biyu, duka da agogon duniya na UTC, ka ƙara awa ɗaya ta Nijar wurin nunawa kawai. Kuma Kafka na kiyaye jerin saƙonni ne cikin partition (layin saƙonni) ɗaya, don haka lambar asusu ta zama makullin da ke zaɓa wa saƙo layi, kar cirar kuɗi ta riga zubawa. Kwana 7 yake riƙe saƙo idan ba ka canza saitin ba, kar ka mai da shi rumbu.

Sai kuɗi, inda na fi ganin ƴan makaranta masu kwafar darasin Turawa suna tuntuɓe. A Kasuwar Dole da dala (sefa biyar) ake lissafi, “ɗari biyu” na nufin sefa 1000. Mai shigar da bayani ya buga 200, wani ya buga 1000, duk a gurbi ɗaya! A tsayar da sefa, a rubuta haka ɓaro-ɓaro a fuskar manhajar, gurbin ya zama BIGINT (cikakkiyar lamba), ban da FLOAT (lamba mai ɗigo).

Suna ba ya zama makullin gane mutum a rumbu. Mahamadou, Mahamadu da Muhammadu mutum ɗaya ne a takardu uku, lambar waya kuma ana canza ta. Sa tsarin haruffa na UTF-8 tun ranar farko, in ba haka ba ƙ, ɗ da ƴ su koma alamar tambaya.

Kwafin ajiya kuwa, kar ya kwana a kwamfutar da rumbun yake. Kuma duk wata a gwada dawo da shi a wata na'ura, a ƙirga layukan a gani ko sun cika.