Ga masu shirin shiga ajin sarewar Ailan da Sukotilan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda zai fara, ya sayi ƙaramar sarewar ƙarfe mai huji 6, ta muryar D, domin a kanta ake koyar da akasarin kiɗan gargajiyar Ailan. Tana da araha. Ta katako, wadda ake busawa a karkace, tana cin numfashi sosai, a bari sai hannu ya faɗa.

Rufe huji da tsokar yatsa, a shimfiɗe, kada ka dogara da kan farce. Na yi mako biyu ina zargin sarewata da ƙara kamar ƙyauren da ya yi tsatsa, ashe huji na uku ne nake bari iska na zurarewa. In yawu ya toshe bakin, dafe tagar, wato 'yar kafar da ke kusa da bakin, da yatsa ka hura da ƙarfi sau ɗaya.

Koya da kunne kafin takarda. Yawancin kiɗan kashi biyu ne, kowanne gaɓa 8, ana maimaita shi. Ɗauki muryar malami a waya, ka yi ta saurare har ka iya rera shi da baki. Salon kiɗan rawa da ake kira jig ana ƙirga shi uku-uku, wanda ake kira ril kuma huɗu-huɗu. Fara da jig, a hankali. Salon Sukotilan da ake kira strathspey, mai gajeren sauti da dogo na biye, ni dai sai na ce a jinkirta shi.

Mai neman aji ya duba Comhaltas, ƙungiyar kiɗan gargajiyar Ailan, wadda aka kafa a garin Mullingar na Ailan a 1951, tana da rassa a ƙasashe da dama.