Yadda Za Ka Gano Matsalar Kyamarar da Ta Ƙi Kunnuwa

Idan ka murɗa makunnin kyamara ba ta ce uffan ba, kada ka yi gaggawar kai ta wurin mai gyara. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, wuta ce kawai ba ta isa gare ta. Ka bi sawun wutar tun daga caja, kana sauya abu ɗaya kana gwadawa, don ka san ainihin mai laifin.

Fara da batir da caja. Ciro batirin ka kwantar da shi a kan tebur. Idan ya yi ciki, yana tangaɗi maimakon ya kwanta daram, ko kuma da ƙyar ya fito daga raminsa, to ya kumbura. Kada ka sake caja shi, kada kuma ka mayar da shi ciki. Zafi ne ke yawan jawo haka, musamman ga mai barin jaka a cikin mota da rana tsaka.

In bai kumbura ba, ɗora shi a caja ka lura da fitilarta. A cajar Canon, ruwan lemo na nufin yana shan wuta, kore kuma ya cika. In fitilar ba ta kama ba sam, sauya soket da wayar cajar, domin wutar janareta mai hawa da sauka tana kashe caja. Batirin da ya yi watanni a ajiye kuwa, ka bar shi ya yi awa biyu zuwa uku kafin ka yanke masa hukunci.

Mai gyaran waya zai iya auna maka ƙarfin wutar batirin da mita. Batura irin su LP-E6 na Canon, EN-EL15 na Nikon da NP-FW50 na Sony suna nuna sama da bolt 8 idan sun cika. Wanda ya kasa kai bolt 7 bayan doguwar caji ya gama aiki. Amma gwajin da na fi yarda da shi shi ne aron batirin abokin sana'a mai kyamara irin taka, domin jabun batir yakan nuna cika a mita, ya durƙushe da zarar an ɗora masa aiki.

Ƙananan kyamarori masu cin batir AA ba sa jituwa da batirin tocila mai arha. Sa musu batura irin waɗanda aka rubuta wa "alkaline" ko masu caji.

Duba murafu. Nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi a banza. Kyamarorin Canon da dama ba sa kunnuwa muddin murfin batir ko na katin memori bai rufu ruf ba. Akwai ɗan mitsitsin maɓalli a bakin ramin wanda haƙorin murfin ke dannawa. In haƙorin ya karye, ko ƙurar hunturu ta cushe wurin, kyamarar za ta ɗauka a buɗe take. Haska da fitilar waya, ka kaɗe ƙurar, ka rufe har sai ka ji ƙas.

Goge bakin ƙarafan. Ɗiga sipirit kaɗan a audugar goge kunne, ka goge ƙarafan batirin da na cikin ramin, ka jira su bushe. Farin gari ko tsatsa mai kore alama ce ta batir ya taɓa zuba a ciki.

Tuɓe kyamarar. Cire katin memori, da lensi, da filashi, da hannun ƙarin batir in akwai. Cire batirin, ka bar ta minti goma, sannan ka mayar da shi kaɗai ka kunna. In ta tashi, riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har ka kama wanda ke kashe ta. Masu Canon 5D Mark III da 7D su leƙa ramin katin memorinsu na CF da kyau, akwai siraran allurai a ciki: allura ɗaya da ta lanƙwashe ta taɓa 'yar'uwarta ta isa ta hana kyamarar tashi. In ka gan ta, kada ka tura kati da ƙarfi.

In ruwa ya taɓa kyamarar, ko ta yi gumi bayan fitowa daga ɗaki mai sanyi zuwa zafi, daina danna makunni. Cire batir nan take, ka buɗe murafu, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Gumin zai bushe da kansa, amma wadda ta faɗa ruwa sai mai gyara, da wuri kuma.

In duk ka bi waɗannan ba ta motsa ba, matsalar tana ciki: fiyus, makunni ko allon wuta. Don Allah kada ka ɗauko sukudireba. Kyamara mai filashi a jiki tana da kafasito, wato ɗan abin da ke tara wa filashi wuta, mai riƙe wajen bolt 300 ko da an cire batir, yana kuma iya girgiza ka sosai. Kai ta wurin wanda ya ƙware a gyaran kyamara, tare da batirin da cajar, ka faɗa masa abin da ka riga ka gwada, ka kuma nemi jin farashi kafin ya kwance ta.