Yadda ake gangamin dashen itatuwa su rayu bayan an watse

Kafin ku nemi irin dashe, ku ƙirga mutanen da za su yi ban ruwa. Idan mutum goma ne za su jure zuwa da bokiti har ƙarshen rani, dashe hamsin ya ishe ku, ko da an ba ku dubu kyauta. Na sha ganin filin da ƙungiyar kare muhalli ta yi biki a kansa, bayan wata shida sai busassun tsinkaye da allon sanarwa.

Ku jira damina ta zauna, ruwan farko yaudara ne. Ku zaɓi itacen da ya saba da ƙasar wurin. Bishiyar turare kuwa kada ta kusanci rijiya ko gona, shan ruwanta ya yi yawa.

Ranar dashe ake yin ɓarnar da ba ta bayyana sai daga baya. A haƙa rami mai faɗi, ninki biyu na ledar da dashen yake ciki, amma zurfinsa daidai tsayin ledar. Sababbin shiga suna son rami mai zurfi, su binne dashen har wuya, wai don ya yi ƙarfi. Ɓawon karan ne zai jiƙe ya ruɓe a cikin ƙasa. Inda saiwa ta haɗu da kara, nan ne zai tsaya daidai da fuskar ƙasa. A tsaga ledar da reza daga gefe, kada a finciko dashen ta kara, ƙasar da ke riƙe da saiwar za ta wargaje. Sannan a juya a dubi gindin. Dashen da ya daɗe a leda, saiwarsa kan nannaɗe kamar gammo, in an sa shi haka zai ci gaba da shaƙe kansa. A warware ta da yatsa, wadda ta ƙi a datse. A mayar da ƙasa, a danna da tafin hannu, a zuba ruwa nan take. Ledojin kuma a tattara su, abin kunya ne masu yaƙi da gurɓata muhalli su bar su iska tana yawo da su.

Shinge dole ne saboda awaki. Waya tana da tsada, ƙaya ma tana yi. A zagaye gindin da busasshiyar ciyawa, kada ta taɓa karan.

Kowane dashe a rubuta sunan mai kula da shi. Ƙungiyar dashen itatuwa da Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli, ta kafa a Kenya a 1977 tana ba matan da suka yi dashe ɗan ihisani ne a kan itacen da ya rayu. Da rani, ban ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi kullum. Idan damina ta zagayo sai ku ƙirga masu rai, ku cike gurbin waɗanda suka mutu kafin ku buɗe sabon fili.